Yadda Za Ka Tsare Waƙoƙinka Idan Aka Sayi Kamfanin Manhajar da Kake Aiki da Ita

A watan Yulin 2002 Apple ya sayi Emagic, kamfanin Jamus mai manhajar haɗa kiɗa ta Logic. Zuwa ƙarshen Satumba an daina sayar da Logic ta Windows. Duk mai situdiyon da ya tara ayyukansa a kanta, zaɓi biyu ya rage masa: ko ya sayi Mac, ko ya ci gaba da lallaɓa tsohuwar kwamfutarsa har ranar da za ta mutu.

Dalilin da ya sa abin ke da ciwo shi ne, fayil ɗin aikinka ba waƙa ba ne. Takardar umarni ce kawai: buɗe fulogin kaza (ƙaramar manhajar sauti da ake jonawa a cikin babbar), ɗauko sautin kaza, juya maɓallin kaza zuwa wuri kaza. Ranar da fulogin ɗin ya ƙi buɗewa, layin da ke kansa shiru zai yi. Kuma kuɗin da ka biya ba manhajar ka saya ba, izinin amfani da ita ka saya, izinin kuwa sabar kamfani, wato kwamfutarsa da ke kan intanet, ita ke tabbatar da shi.

Fara da duba wanda ya saya

Mai saye iri uku ne, kuma halinsu ya bambanta.

Akwai mai gidansa, wanda ke son manhajar ta ja masa mutane zuwa kayansa. Apple ya maimaita abin da ya yi wa Logic a farkon 2015 da Camel Audio: shagon ya rufe, aka ba masu fuloginsa Alchemy 'yan watanni su sauke kayansu, daga baya Alchemy ta ɓullo a cikin manhajojin Apple kaɗai, irin su Logic. Idan irin wannan ne ya saya kuma kana kan Windows, ka ɗauka an ba ka notis.

Akwai mai ƙera kayan kiɗa. Nan ana iya dacewa: Cubase na hannun Yamaha tun 2005 kuma tana nan da ranta. Amma Gibson ya sayi Opcode a 1998, cikin shekara guda manhajarsa Studio Vision ta tsaya. Shi dai Gibson ɗin ya karɓi Cakewalk daga Roland a 2013, ya dakatar da aikin a Nuwamban 2017, bayan an sayar wa masu SONAR, manhajar Cakewalk, alƙawarin sabuntawa har abada a 2016. Irin wannan alƙawari tsawon ransa tsawon ran kamfani ne. Ka tuna da haka ko da FL Studio kake amfani da ita, wadda ta cika situdiyon Kano da Kaduna.

Na uku kamfanin zuba jari, kamar Francisco Partners da ya haɗa kamfanonin fulogin Native Instruments da iZotope a 2021. Shi lissafi yake dubawa, kuma kayan da ba sa ciniki su ke fara tafiya: a 2022 aka daina sayar da Absynth da Iris 2 da Trash 2. Sai kuma batun biyan wata-wata. Cool Edit Pro da ma'aikatan rediyo suka sani ta zama Audition bayan Adobe ya saye ta a 2003, yau kuwa haya ake karɓarta. Ga mai samun naira yana biyan dala, wannan canji ba ƙarami ba ne.

Makon da ka ji labari

Kada ka jira a ce za a rufe. Shiga asusunka na kamfanin ka sauke fayil ɗin girkawa na duk abin da ka saya, na Windows da na Mac, haɗe da tarin sautukan da ke zuwa da su. Nan mutane ke faɗawa: sukan ajiye ƙaramar manhajar da ke sauko da kaya daga intanet su zaci sun gama. Ita ba komai a cikinta, ranar da aka kashe saba ta zama fanko. Cikakken fayil ɗin da ke girkuwa ba tare da intanet ba shi za ka nema. Rubuta lambobin lasisi da rasit a fayil guda, ka kuma buga su a takarda.

Duba inda lasisinka yake zaune. Idan na iLok ne, wato tsarin ajiyar lasisi, mayar da shi kan sandarsa ta USB muddin mai manhajar ya yarda. Wanda aka ɗaure a jikin kwamfuta, idan faifanta ya ƙone, sai mai manhajar ne zai sake maka shi. In babu mai amsa imel, shi ke nan.

Sannan kashe sabuntawa ta kai-tsaye, kuma kada ka goge tsohuwar manhaja don sabuwa ta fito. Da BandLab ya sayi ragowar Cakewalk a 2018 ya saki manhajar kyauta, amma ba tare da fulogin ɗin wasu kamfanoni da ke zuwa da SONAR ba. Waɗanda suka bar tsohuwar a girke su suka ci gaba da morar su.

Fitar da waƙa layi-layi

Wannan shi ne ainihin aikin, sauran duk rakiya ne. Kowane layi na waƙa, murya da amshi da ganga da bes da fiyano, ka fitar da shi a matsayin WAV nasa shi kaɗai, 24-bit, a kan ma'aunin da aka yi aikin tun farko, 44.1 ko 48 kHz. Ban da MP3.

Duk layukan su fara daga sifili, ko da algaita ba ta shigo ba sai minti na uku. In ka yanke shirun farko don rage nauyi, ranar da za ka jera su a wata manhaja ba za su hau kan juna ba, sai ka wuni kana ja da kunne. A ƙarshe kuma ka bar sakan biyar zuwa goma, don kada a datse jelar amsa-kuwwa.

Fitar da kowane layi sau biyu: ɗaya da kwalliyarsa, wato gyaran murya da amsa-kuwwa da matsi, ɗaya tsurarsa. Mai kwalliya zai dawo maka da waƙar yadda aka san ta, tsuran kuma shi zai ba ka damar sake haɗawa. Kashe abin da ka ɗora a kan babban layin ƙarshe kafin ka fitar, sannan ka ajiye cikakkiyar waƙar daban don gwadawa. A FL Studio ka zaɓi Split mixer tracks wajen fitarwa, amma ka fara tabbatarwa kowane kayan kiɗa yana da layinsa a mikisa, in ba haka ba duk waɗanda ba ka raba ba babban layin ƙarshe kawai za su faɗa. A Logic akwai All Tracks as Audio Files.

Ƙara da fayil ɗin MIDI. Yana riƙe notocin da ka buga da lokacinsu, amma ba ya riƙe sauti, don haka abokin tafiyar WAV ne, ba madadinsa ba. Sa saurin kiɗa da maɓallin waƙa, wato key ɗinta, a sunan folda. Sautin da ka ɓata lokaci kana gyarawa a fulogin, ɗauki hoton fuskarsa; idan fulogin ɗin ya tafi, hoton ne zai nuna maka inda ka juya kowane maɓalli.

Shi kansa fayil ɗin aikin ka tattara shi da sautukansa: Zipped loop package a FL Studio, Back up Project a Cubase, Save Copy In a Pro Tools.

Wurin ajiya

Minti ɗaya na WAV mai hannu biyu, wato sitiriyo, 24-bit a 48 kHz, yana cin kusan megabait 17. Waƙar minti 5 mai layi 30 ta kai gigabait 2.6, da kwalliya da tsura ta haura 5. Faifan terabait 1 zai ɗauki irinta kusan 190. Sayi faifai biyu, ɗaya a situdiyo ɗaya a gida, kuma kada ka bar na biyun a jone: wutar da ta dawo da ƙarfi tana iya ƙone su tare.

In hali ya yi, kwafe faifan kwamfutar situdiyo gaba ɗayansa, ka bar ta a kan tsarin da take aiki lafiya. Manhajar da aka daina kulawa da ita sabon tsari ne ke ƙarasa ta. MacOS Catalina ta 2019 ta daina buɗe duk manhaja mai 32-bit.

Kafin ka ce ka gama, ɗauki folda guda ka kai kwamfutar da ba ta da ko ɗaya daga cikin fulogin ɗinka. Jera layukan masu kwalliya a wata manhaja, ko Audacity ma ta isa, ka saurare su kusa da cikakkiyar waƙar. Idan amshi ya ɓace ko amsa-kuwwa ta bushe, galibi layin da sauran layuka ke tura wa sautinsu ne ba ka fitar ba. Koma ka fitar da shi yanzu, tun manhajar na buɗewa.