Kafin ka biya kuɗin tsohuwar kujerar Italiya, kifar da ita

Duk kujerar hutawa mai siraran ƙafafu da fuka-fuki biyu a wajen kai, in dai daga Italiya ta fito, sai mai ita ya ce maka Gio Ponti, shahararren mai zanen gine-gine da kayan ɗaki na ƙasar, shi ya zana ta. Ina aikin sabunta kushin a wani shago a yankin Brianza, arewa da Milan, kuma yawancin waɗanda ake kawo mana da wannan suna, Ponti ko a mafarki bai gan su ba. Tsofaffi ne na gaske, a shekarun 1950 aka yi su, amma a ƙananan shagunan Meda da Cantù da Lissone, inda kafinta kan buɗe mujallar Domus, wadda Pontin kansa ya kafa a 1928, ya ga hoto, ya ƙera mai kama da shi. Suna da kyau, wasunsu ma sun fi daɗin zama. Kuɗinsu ne dai bai kama ƙafar na asali ba.

Don haka kada ka fara da haddace sunaye. Zaɓi kujera uku ko huɗu, ka san su ciki da bai. Ni dai da kujerar Lady nake so kowa ya fara, wadda Marco Zanuso ya zana wa kamfanin Arflex a 1951, ta kuma ci lambar zinare a baje kolin Triennale na Milan a shekarar. Mutanen da suka fito daga Pirelli, masu tayar mota, su suka kafa Arflex, da niyyar gwada soson roba da ɗamara mai talewa a madadin sifirin da gashin doki da aka saba cusa wa kujera. Wannan ya sauya yadda ake haɗa ta: mazauni daban, majingina daban, hannuwa biyu daban, kowanne a yi masa sutura shi kaɗai, daga baya a ɗaure su wuri guda. Sa yatsa ka bi mahaɗar hannu da mazauni. Idan ka ji gaɓa huɗu ne da aka haɗa, ka kama hanya. Idan kuwa gangar jiki ɗaya ce aka lulluɓe da yadi aka yi mata ɗinkin ado, to 'yar kwaikwayo ce, komai kyan ƙafafunta na ƙarfe. Ka kuma sani kamfanin Cassina ya dawo da ƙera Lady tun 2015. Sabuwar halal ce, amma ba ita mai tara tsofaffi yake nema ba.

P40 ta Osvaldo Borsani ta fi sauƙin ganewa, domin inji ce da aka sa wa kushin. Shi da tagwayensa Fulgenzio suka kafa kamfanin Tecno a 1953, kujerar ta fito a 1955, kamfanin kuma ya ce ana iya karkata ta zuwa yanayi 486. Ban ga wanda ya zauna ya ƙirga ba. Nemi harafin T, tambarin Tecno, a mahaɗar gefe, jawo matakin ƙafa ka mayar, kwantar da majingina ka ji ko tana cijewa a inda ka tsayar da ita. Hannuwanta na roba ne, su suka fi saurin tsagewa, kuma samun na asali aiki ne ja. Mai tsagaggen hannu, a rage maka kuɗi.

Kujerun Franco Albini na katako ne da sandar rattan. Luisa, wadda shagon Poggi na Pavia ya yi, ta ci kyautar Compasso d'Oro a 1955; Margherita kuma Vittorio Bonacina ya saƙa ta a 1951. A Luisa mahaɗun itacen za ka zura wa ido, yadda katakon ke ƙara kauri daidai inda gaɓa biyu suka haɗu, ya sirance a tsakiya. Mai kwaikwayo ba shi da haƙurin wannan.

Shi kuwa Ponti, matsalarsa yawan aiki. Ya zana wa Cassina, ya zana wa otal-otal kamar Parco dei Principi na Sorrento, da jiragen ruwa irin su Andrea Doria, da gidajen masu hali har Caracas. Da wannan yawa ake fakewa a jingina masa abin da ba nasa ba. Wanda ya ce maka tasa ta Ponti ce, tambaye shi lambar samfuri. Kujerarsa Distex ta 1953, alal misali, ita ce 807 a wajen Cassina. Sannan ka nemi takardar shaida daga Gio Ponti Archives, ma'ajiyar takardun aikinsa da ke Milan. In ya fara kame-kame, ka yi ciniki a kan kujera mai kyau marar suna, ba laifi ba ne. A kundin gwanjo ma a kula: "attribuito a" zato ne kawai, "nello stile di" kuwa mai sayarwa ne da bakinsa yake gaya maka ba ta mai sunan ba ce.

Yanzu sai ka shimfiɗa bargo a ƙasa ka kifar da ita. Nan ne aikin yake, kuma dillalin da ya hana ka ya riga ya ba ka amsa. Haska fitilar waya. Fara neman tambari: ɗan ƙarfe, ko takarda da ta yi ja, ko hatimi a jikin katako. Da yawa sun rasa nasu a hannun masu sabuntawa irinmu, saboda haka rashinsa ba hujja ba ce. Tambari mai sheƙi a kan itacen da ya yi baƙi, wannan shi ne abin tsoro. Duba ramukan ƙananan ƙusoshi a gefen firam: layi ɗaya, sau ɗaya aka taɓa yi mata sutura; layi uku a cakuɗe da wayar sitafila, ta sha hannu. Sukurori su zama iri ɗaya, tsufansu ɗaya. Galibi na zamanin masu tsaga ɗaya ne a ka, in ka ga mai kuros yana ƙyalli a gindin ƙafa, an taɓa wurin, ka tambayi dalili. Ƙafafun ma a gwada su da juna, don ana yawan sauya guda ɗaya.

Danna mazaunin da tafin hannu ka saurara. Tsohon soson roba ba ya laushi in ya mutu, bushewa yake yi, ya riƙa zubo da gari rawaya-rawaya kamar dakakken ƙuli-ƙuli. Ɗamarar ma takan saki ko ta ƙage. Wannan bai kamata ya kore ka ba. Alama ce ta shekaru, kuma sauya su gyara ne da kowa ya yarda da shi. Inda ake ɓarna shi ne wajen siffa. Mai kushin da bai san kujerar ba sai ya cika ta da soso mai kauri don ta yi taushi, Lady ta kumbura, layin hannunta ya ɓace. Ka ba shi hoton tsohon talla, ka ce ya ajiye maka guntun tsohon soson da yadin da tambarin a leda. In yadin asali ne kuma bai yage ba, ni shawarata a bar shi ko da ya koɗe. Katako kuma a goge shi da kakin zuma kawai. Wanda ya kankare shi ya fesa masa fenti mai walƙiya ya zubar da rabin darajarsa da hannunsa.

Ƙananan ramuka a itace aikin ƙwaro ne. Buga wurin da yatsa a kan farar takarda. In sabon gari ya zubo, yana nan da rai, sai an yi magani kafin ta shiga ɗaki da sauran kaya.

Saura fitar da ita. A dokar Italiya, aikin da ya haura shekara 70 kuma wanda ya zana shi ya rasu yana bin ta ofishin kula da kayan tarihi kafin ya bar ƙasar, kuma kujerun farkon shekarun 1950 duk sun shiga wannan layi. A rubuta a yarjejeniya cewa mai sayarwa ne zai nemo takardar. In an ce itacen palissandro ne, wato rosewood, tambayi wane iri, domin na Brazil yana ƙarƙashin tsauraran sharuɗɗan CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin itatuwa da dabbobin da ke neman ƙarewa, tun 1992, kwastan na iya riƙe shi. Wanda kuma zai kai ta Kano ko Damagaram, ya tuna itacen da ya shekara saba'in a damshin Lombardiya, yankin Milan, bai san bushewar hunturu ba. Kada a buɗe akwatin a watan Janairu a ajiye ta bakin taga. A bar ta a ɗaki mai rufi, nesa da rana, a riƙa duba mahaɗun har damina ta faɗi.