Babi na Huɗu: Gwajin Sakin Mazubi Daga Sama

Darasi na 1: Shirya mazubi

Kafin a zuba guba, ko asid, ko wani abu mai kama wuta a durom, jarka ko kwali a ɗora wa mota ko jirgi, sai an tabbatar irin wannan mazubin zai faɗi ƙasa bai fashe ba. Ƙa'idar ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce, ƙasashe kuma suka ɗauka suka sa cikin dokokinsu. Samfuri ake ɗauka a gwada, ba kowane durom da aka ƙera ba.

Ku cika mazubin tukuna. In na ruwa ne, aƙalla kashi 98 cikin 100. In na gari ne ko tsaba, aƙalla kashi 95. Ba sai an zuba gubar kanta ba, ruwa ko wani abu mai nauyi irin nata ya wadatar. Sannan ku rufe shi daidai yadda za a rufe shi ranar tafiya.

Darasi na 2: Tsayin da za a sako shi

Nan ne wurin da ake tuntuɓe, don haka mu bi a hankali. An kasa kaya masu haɗari rukuni uku. Rukuni na I shi ne mafi haɗari. Na II matsakaici. Na III mai ɗan sauƙi.

Yanzu ku duba tsayin, da harafin da ake bugawa a jikin mazubin da ya ci gwajin:
Rukuni na I, mita 1.8, harafinsa X.
Rukuni na II, mita 1.2, harafinsa Y.
Rukuni na III, mita 0.8, harafinsa Z.

Da yawa in suka ga I sai su ce ai ɗaya ƙaramar lamba ce, tsayinta ma ƙarami ne. A'a. Ku tuna ɗan aji da ya zo na ɗaya: shi ne a sama. Rukuni na I shi ne a sama wajen haɗari, shi ne kuma a sama wajen tsayi. Ku faɗa da baki: na ɗaya, X, mita 1.8. Ku sake. Na ɗaya, X, mita 1.8. Madalla. Wanda ya ruɗe kada ya ji kunya, manyan ma'aikata ma sukan ruɗe a nan.

Ku ɗauki tef ɗin awo ku je jikin bango. Ku yi zane a 0.8, wajen ƙugun mutum ko ƙasa kaɗan. Ku yi wani a 1.2. Na 1.8 zai kai saman kan dogon mutum. Ku rubuta X a na sama, Y a na tsakiya, Z a na ƙasa. Wanne ne na sama? X. Na wane rukuni? Na I.

Awon daga ƙasan mazubin yake farawa zuwa daɓe, ba daga murfi ba.

Mazubi mai X yana iya ɗaukar kayan rukuni ukun duka. Mai Y, na II da na III. Mai Z, na III kaɗai. To wanda ya zuba kayan rukuni na I a mazubi mai Z, me ya yi? Ya sa abin da ke buƙatar 1.8 cikin wanda aka gwada a 0.8. Haba jama'a! Na sha ganin takardar aiki an rubuta Z a gaban I, bayan duk wannan maimaici. Wannan ba mantuwa ba ce, rashin dubawa ne, kuma direba da mai sauke kaya ne za su kwashi asid ɗin a jikinsu. Ku koma bango ku sake karantawa. Na ɗaya, X, mita 1.8.

In ruwan da za a ɗauka a mazubin ya fi ruwan sha nauyi sama da ninki 1.2, kuma da ruwan sha za a gwada, ana ƙara tsayin. Wannan lissafin ku bar wa shugaban aiki.

Darasi na 3: Yadda zai faɗi

Daɓen ya zama mai tauri, shimfiɗaɗɗe, wanda ba ya lotsawa. Sakin mazubin ake yi, ba jifa ba. Kwali guda biyar ake gwadawa, kowanne sau ɗaya: a gindi, a ka, a dogon gefe, a gajeren gefe, a kusurwa. Durom shida ne: uku a karkace kan bakin da aka naɗe, uku kan wurin da ya fi rauni, kamar murfi.

Darasi na 4: Roba da takarda

Jarkar roba sai an sanyaya ta zuwa digiri 18 ƙasa da sifili, don sanyi yana sa roba tsagewa. Kwali kuma yakan yi awa 24 a ɗaki mai daidaitaccen zafi da laima.

Darasi na 5: Ya ci ko ya faɗi?

In ya yi yoyo, ya faɗi. Ɗan tsartuwa daga murfi lokacin bugawa ba laifi, in dai ya tsaya nan take. Ku rubuta tsayin da sakamakon a takardar gwaji, ku sa hannu.