Kurakuran da iyaye ke yi idan notis na tashi daga gidan hayar hukuma ya iso

Iyalin da ke zaune a gidan hayar hukuma, bashi ya taru, notis ya iso, yawanci abu biyu ke hana su barci: a fitar da su waje, ko a ce sun kasa riƙon 'ya'yansu a raba su da su. Tsoro na biyun shi ke jefa mutane cikin na farkon. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka misalan doka a nan na Ingila ne, amma kurakuran kusan iri ɗaya ne ko'ina.

Babban kuskure shi ne ɓoye wa ma'aikatan kula da yara halin da ake ciki. Uwa za ta gwammace ta yi shiru, don a ganinta da zarar sun ji labarin bashin haya sai su zo ɗaukar yara. Ba haka abin yake ba. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2009 sun ce talauci shi kaɗai ba hujja ba ne na raba yaro da iyayensa, alama ce ta cewa iyalin suna bukatar taimako. A Ingila, sashe na 17 na Dokar Yara ta 1989 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da yaro mabukaci tare da ƙoƙarin barinsa hannun danginsa, kuma taimakon yana iya haɗawa da kuɗi ko masauki. Ma'aikaciyar walwala ba ta da ikon ɗauke yaro bisa ra'ayin kanta, sai da umarnin kotu ko yardar iyaye. 'Yan sanda kaɗai ke iya yin haka cikin gaggawa, shi ma bai wuce awa 72. Gyaran shi ne ku riga kowa zuwa, ku nemi a duba bukatun yaranku, ku kuma roƙi wasiƙar da za ku nuna wa ofishin gidaje da alƙali. Abin da ya fi tayar wa ma'aikata hankali shi ne su ji daga makaranta cewa yaro ya daina zuwa, kuma ba a san inda yake kwana ba.

Sai ajiye wasiƙu ba a buɗe ba. Kowa ya san wannan ba ya biyan bashi, amma ana yi. Kowace takarda tana da wa'adi, a buɗe ta ranar da ta zo, a ɗauki hotonta a waya, a tara su wuri ɗaya.

Wanda ya fi ciwo a ganina shi ne tattara kaya a miƙa makulli don gudun abin kunya. Notis ba umarnin fita ba ne, matakin farko ne kawai. Bayansa akwai zaman kotu, akwai hukuncin alƙali, sannan ma'aikatan kotu su ba da sanarwar ranar da za su zo, wadda a Ingila kwana 14 ce a ƙalla. Wanda ya fita da ƙafarsa tun kafin nan, ƙaramar hukuma tana iya yanke cewa shi ya jawo wa kansa rashin muhalli, sai haƙƙinsa na samun wani gida ya ragu ƙwarai. An gudu daga gara an faɗa gidan zago ke nan. Kada a fita sai an ji shawarar lauya ko wata ƙungiya mai ba da shawara irin Shelter ko Citizens Advice. Kada kuma a jira ranar kora: dokar rage rashin muhalli ta 2017 ta wajabta wa ƙaramar hukuma ɗaukar matakin hana rasa gida ga wanda ya cancanci taimakon kuma ake ganin zai rasa shi cikin kwana 56.

Ƙin zuwa kotu ma asara ce. Idan kujerar mai haya babu kowa, alƙali zai ji ɓangare ɗaya. Idan ka je, kana iya samun lauyan kyauta a ranar, kuma a shari'ar bashin haya sau da yawa alƙali kan jingine korar bisa sharaɗin a riƙa biyan hayar yanzu da ɗan ƙari a kan tsohon bashi. A nan ne wasu ke sake zamewa: don a rabu lafiya sai su yi alkawarin abin da ya fi ƙarfinsu, wata biyu su gaza, maganar ta dawo sabuwa. Faɗi adadin da za ka iya riƙewa ko da watan ya zo da matsi. Ka tafi da shaidar kuɗin shiga, da takardar likita idan akwai yaro mara lafiya ko mai naƙasa, da wasiƙa daga makaranta.

Akwai kuma biyan wanda ya fi yawan kiran waya. Masu katin bashi sun iya matsa lamba, amma rashin biyansu ba shi ke fitar da yara daga ɗaki ba. Haya ce gaba.

A kula da sa hannu. Wani lokaci akan ba iyaye takardar amincewa hukuma ta riƙe yara na ɗan lokaci, ƙarƙashin sashe na 20 na Dokar Yara ta 1989. Wannan da yardarku ne, ba dole ba, kuma kuna iya janyewa. Wanda Turanci bai ishe shi ba ya nemi tafinta, kada a sa ɗan shekara goma ya fassara wa uwarsa maganar korarsu daga gida.

Su ma ma'aikatan suna da nasu kurakuran. Ofishin gidaje da na yara kan zama a ƙarƙashin hukuma ɗaya, amma kowa da fayil ɗinsa, sai iyali su yi ta zarya a tsakani. Maganinsa shi ne ku ba da izini a rubuce su yi musayar bayananku, ku nemi a zauna tare da ku, kuma duk alkawarin da aka yi da baki ku ce a aiko shi a rubuce. Idan an kai ga masaukin wucin gadi irin wanda ake haɗa banɗaki ko kicin da wasu, doka a Ingila ta hana a bar iyali masu yara a irin wannan ɗakin kwana na 'yan kasuwa fiye da mako 6. Ku rubuta ranar da kuka shiga, idan wa'adin ya wuce ku kai ƙorafi a rubuce.