Idan kaguwarka ta yi saɓa ta fito babu gida, ga yadda za ka yi

Yayana da ke aiki a Legas ne ya kawo wa yara su guda uku da babbar sallah, irin kaguwar tudun nan da bayanta ba shi da ɓawo sai dai ta nemi gidan katantanwa ta shige, ba irin tamu ta bakin kogi ba. Mu nan wajen Ringim ba wanda ya taɓa ganinta. To cikin hunturu na tashi da asuba na tarar da ɗaya kwance kan yashi ta fito daga gidanta, cikin nan nata laushi tuɓus a naɗe kamar gwazarma, ƙafa ɗaya ta cire, ga wata fata a gefe sak ita. Inna ta ce ai ta mutu a jefa wa kaji. Ashe saɓa ta yi kamar dai maciji.

Abu na farko kar ka yi saurin yarwa. Sunsuna, wadda ta mutu warin ruɓaɓɓen kifi take yi ba ya ɓuya, in ba ka ji warin nan ba to mai yiwuwa da ranta ko da ba ta motsi. Fatar da ta saɓe ma bar mata, cinye abarta take yi don da ita sabon ɓawon ke yin ƙwari.

Sai ka raba ta da sauran nan take, don wallahi 'yan uwanta za su cinye ta tunda jikin bai yi tauri ba. Kar ka ɗauka da yatsa, sa cokalin roba ka kwaso ta a hankali zuwa wani ɗan kofi, ka zuba ruwa kaɗan wanda zai jiƙa gindin kofin kawai. Ruwan rijiya ya yi, na famfo mai sinadarin kulorin ne ke cutar da ita.

Maganar gidan ita ce babba. Tsohon nata ka ɗauraye ka leƙa ciki ko yashi ko wani ƙwaro ne ya kore ta, sannan ka nemo wasu biyu ko uku masu baki ya ɗan fi nata faɗi kaɗan, ka tafasa su kamar minti 5 ka bari su huce. Nan ne na sha wuya, na aiki yara fadama suka kwaso min katantanwa cike da kwano amma ta ƙi ko kallonsu, daga baya na gane wasu na fadamar tamu murɗinsu na hagu ne ita kuma cikinta da na dama ya dace. Riƙe gidan tsininsa na sama bakin na kallonka, in bakin yana hannun damanka shi ne daidai. Mai fenti kar ka yarda da shi ko ya kai me kyau. Ajiye su gabanta baki sama da ɗigon ruwa a ciki, ka rufa tsumma ya yi duhu, ka tafi. Dan Allah kar ka cusa ta da ƙarfi, cikin nan ko farce sai ya fasa shi. Tawa sai da dare ya raba ta shiga da kanta.

Abin da ke kashe su a ƙasarmu busasshiyar iska ce. Da abin shaƙar iska irin na kifi suke numfashi, dole sai da laima wajen kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, mu ko hunturunmu leɓen mutum ma tsagewa yake yi balle ita. Na rufe bakin robar da take ciki da leda na huda ƙofofi kaɗan, ina yayyafa ruwa safe da yamma. Ɗumi kuma tsakanin digiri 24 da 29 take so, da dare sai na zuba ruwan ɗumi a gora na naɗe da tsumma na jingina a jikin robar ta waje. Da bazara gindin randa ya fi mata.

Abinci kaɗan-kaɗan: dakakken ɓawon ƙwai, ɗigon zuma, dafaffen ƙwai, busasshen kifi marar gishiri. Ka kwashe saura da safe saboda tururuwa. Ruwa kala biyu take buƙata, na sha da na gishirin teku, gishirin miya mai ayodin bai yi ba. Ɗakin da take kuma ba fiya-fiya ba maganin sauro na hayaƙi, abin da ke kashe ƙwaro yana kashe ta, wannan ka gaya wa duk mutan gidan.

Ƙafar da ta cire kar ka shafa mata komai, ba man zafi ba toka. Wani ɗan ƙullutu mai kama da ƙaro zai fito a wurin, in ta sake saɓa ƙafa za ta fito 'yar siririya, a hankali ta cika.

Da ta fara tafiya da ƙarfinta ta cinye tsohuwar fatar, sai na mayar da ita cikin sauran, amma na ƙara yashi ya kai zurfin santimita 15, mai danshin da in ka dunƙula zai tsaya, don asalin saɓarsu a ƙarƙashin ƙasa suke yi. Nawa yashin da bai kai rabin haka ba, shi ya sa ta yi a fili. In ta nutse ta yi makonni ba ka gan ta ba kar ka tona, ka dai ci gaba da yayyafa ruwa kana canza abinci.