Darasi na 7: Kafin Ka Ba da Kafin Alƙalami

Mutum kan sayi riga, in ba ta yi masa ba ya ajiye ta ya nemi wata. Gida ba haka yake ba. Yawancin mutane sau ɗaya suke sayensa a rayuwa, da kuɗin da suka yi shekaru suna tarawa. Don haka aikin da ya fi muhimmanci ana yin sa ne tun kuɗin suna hannunka.

Fara da aljihunka

Ɗauki takarda da biro. Rubuta abin da kake samu a wata, da abin da kake kashewa. Sannan ka tuna farashin da aka faɗa maka ba shi ke nan ba. Akwai la'adar dillali, da kuɗin lauya, da na safiyo mai awon fili, da harajin canja suna a takarda, ga kuma gyara. Wanda ya zuba duk abin da ya tara a kan farashi kaɗai, zai karɓi makulli ba shi da na fenti.

In bashi za ka ci a banki, tsaya ka yi wannan lissafi. A ce ka ranci 100, kuɗin ruwa kashi 10 cikin 100 a shekara, kana biya wata-wata har shekara 20. In ka gama, abin da ya fita daga hannunka zai kai kusan 232. Ka biya fiye da ninki biyu ke nan. Tambayi ma'aikacin bankin: ruwan nan a tsaye yake, ko yana iya hawa? A Amurka, a 2007 da 2008, mutane da yawa sun rasa gidajensu saboda sun ci bashin da ruwansa ya fara da sauƙi, daga baya ya hau suka kasa biya. Wasu bankunan kuma ba sa ɗora ruwa. Su sayi gidan ne su sayar maka da ribar da aka yanke tun farko. Ko wanne ka zaɓa, kada biyan wata ya wuce kashi ɗaya cikin uku na samunka.

Gidan na wane ne?

Nan ne mutane suka fi faɗawa rami. Bango mai tsagewa ana gyara shi, amma gidan da ka saya a hannun wanda ba nasa ba, kai da shi sai a kotu.

Ka ce a nuna maka takardar mallaka ta asali, ba kwafi ba. Duba sunan da ke jiki, ka gwada shi da katin shaidar mai sayarwa. In sunan ya bambanta, tambayi dalili. In ya ce wakili ne shi, sai ya kawo takardar wakilci, kuma ka nemi jin ta bakin mai gidan da kansa.

Takarda ana iya buga ta jabu, har da hatimi. Saboda haka kada ka tsaya ga wadda aka miƙo maka. Je ofishin da ke rajistar filaye, kai ko lauyanka, a buɗe fayil ɗin gidan. A can za ka gane ko an jinginar da shi a banki, ko akwai shari'a a kansa, ko an riga an sayar wa wani. Lauyan kuwa ya zama naka, kai ka nemo shi. Wanda mai sayarwa ya kawo, mai sayarwa yake yi wa aiki. Dillali ma ba maƙiyinka ba ne, sai dai ba ya samun la'ada sai ciniki ya faɗa, shi ya sa kullum yake cewa akwai wani mai so da zai kawo kuɗi gobe.

Gidan gado yana bukatar haƙuri na musamman. Ɗa ɗaya ba zai sayar da abin da yake na 'yan'uwa da yawa ba. Sai an raba gadon, ko kowane magaji ya sa hannu. Wanda yake tafiya ba a tuntuɓe shi ba, wata rana zai dawo.

Je ka gani da idonka

Gani ya kori ji. Je da rana, ka koma da dare, in da hali ka je bayan an yi ruwan sama. Tafi da magini. Ku duba silin ko akwai tabon yoyo, ku duba gindin bango ko akwai danshi, ku ƙwanƙwasa katako saboda gara. Sabon fenti a kusurwa ɗaya tak abin tambaya ne. Kunna famfo da fitilu. Gaisa da maƙwabta, su suka san inda ruwa yake kwanciya da inda ake rigimar iyaka.

Ranar biya

Kafin alƙalami ma sai da rubutu: nawa ka bayar, nawa ya rage, yaushe za a cika, kuma za a mayar maka in takardu suka nuna matsala. Biya ta banki, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai gidan. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba ka fahimta ba. In karatunka bai kai ba tukuna, babu kunya. Sa wanda ka yarda da shi ya karanta maka da ƙarfi, layi-layi, a gaban shaidu. Bayan biya, koma ofishin filaye a mayar da takardar da sunanka.

Aiki

Rubuta ma'anar waɗannan kalmomi a littafinka: la'ada, jingina, kafin alƙalami, magaji. Sannan ka raba samunka na wata gida uku, ka rubuta abin da kashi ɗaya ya kama.