Darasi na Bakwai: Sa Rariya a Shafin Intanet

Wata ƙungiyar mata a unguwar Zariya, cikin garin Maraɗi, ta buɗe shafinta na intanet. Wata uku ke nan suna zuba kaya: man gujiya, ƙuli-ƙuli, yaji, tabarmi, jakunkunan fatar jar akuya, har da sanarwar taro. Duk sun cakuɗe wuri guda. Ɗan kasuwar Katsina da ke neman farashin jarkar mai sai ya yi ta murza waya, kuɗin intanet ɗinsa na ƙonewa, har ya gaji ya fita.

"Ke ƴar nan, sai mun sake rubuta komai ke nan?" in ji shugabar ƙungiya.

"A'a, Inna," in ji ɗiyarta. "Rariya kawai za mu sa, ta tace wa kowane shafi kayan da ake so ya nuna."

Ga yadda abin yake. Shafinsu yana kan WordPress, wata manhaja da ta fito a 2003. Ita ce rumbu, duk abin da aka rubuta can yake ajiye. Maginin shafi kuma, irin su Elementor da ya fito a 2016, shi ke jera abin da baƙo zai gani, ana jawo akwatuna ana ajiyewa ba tare da an iya rubutun kwamfuta ba. Akwatin jerin kaya ba ya riƙe komai da kansa. Daga rumbu yake ɗebowa, kuma abin da kika ce ya ɗebo shi kaɗai zai kawo.

To, da me zai gane mai daga tabarma? Da rukuni. Nan ne aikin yake, nan ne kuma mutane suka fi yin sakaci. Ki tuna babbar kasuwa: layin ƴan hatsi daban, na dukawa daban. Duk lokacin da kika saka sabon kaya, ki dubi gefen allo inda aka rubuta Catégories, ki zaɓar masa layinsa kafin ki wallafa. In kika mance, zai faɗa cikin Non classé, wato marar rukuni, kuma rariyar mai ba za ta taɓa ganinsa ba.

Sauran aikin mai sauƙi ne. Ki buɗe sabon shafi, ki sa masa suna "Mai da Ƙuli-ƙuli". Ki jawo akwatin jerin rubuce-rubuce, wato akwatin jerin kayan nan. A Elementor sai an biya kuɗi ake samun wannan akwati, amma WordPress yana da nasa kyauta tun 2021, sunansa a allon Faransanci Boucle de requête. Ni shi nake ba ƙananan ƙungiyoyi shawarar su fara da shi, don kuɗin gara ya tafi wajen sayen gujiya. Cikin akwatin ki zaɓi rukunin da kike so, wannan ita ce rariyar, sai ki ce sabon shigowa ya zauna a sama, ki faɗi guda nawa za a nuna. Shida sun isa. Yawancin masu saye da waya suke shiga, hotuna ashirin kuwa ba sa buɗewa da wuri inda layi ba ƙarfi.

Da matan suka gama, sai suka ga jarka mai lita 20 ba ta fito ba, alhali jiya aka saka ta. Aka yi ta nema. Ashe wadda ta saka ta, da yake ta daɗe a Kano, sabon rukuni ta buɗe ta rubuta "Man gyaɗa", su kuwa sauran "Man gujiya" suke zaɓa. A wajenmu abu ɗaya ne, a wajen kwamfuta abu biyu. Suka mayar da jarkar rukuninta, suka share wancan, nan take ta bayyana. Daga ranar suka rubuta sunayen rukunoninsu huɗu a kwali, suka manna a bangon ɗakin da suke aiki.

Aikin gida: Ki rubuta sunayen kaya goma da ake sayarwa a unguwarku. Ki raba su rukuni uku, kowane rukuni da suna ɗaya tak. Gobe ki zo da takardar, mu saka su a kwamfuta tare.