Babi na Biyar: Kayan Aikin Daji da Yadda Ake Kula da Su

Darasi na 1: Sunayen kaya

Iyayena da 'yan'uwana, wannan babi na masu aiki a wurin renon itatuwa ne, da waɗanda ake ɗauka aikin dashe idan damina ta kankama. Aikin ya yawaita a ƙasar Sakkwato, musamman ta wajen Illela da Gada da Tangaza inda rairayi ke cin gonaki, domin jiharmu tana cikin jihohi 11 na Najeriya da ake kafa katangar itatuwa don tare hamada, ƙarƙashin shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007.

Wasunku sun riƙi gatari tun kafin a haife ni, saboda haka ba sara zan koya muku ba. Abin da muke so shi ne kowa ya iya karanta sunan abin da ya karɓa a littafin sito kafin ya sa hannu. Ga sunayen: gatari, adda, zarto, diga, dagi, shebur, manjagara, baro, igiya. Ku rubuta kowane suna a layinsa, kuna farawa daga hagu, saɓanin rubutun allo da ke farawa daga dama. A gaban kowane suna ku rubuta yawan abin da aka ba ku, misali: gatari 2, shebur 1. Wanda hannunsa ke rawa kada ya damu, haka kowa ya fara, ya dai riƙa yi a hankali.

Darasi na 2: Duba ƙota

Gatari kashi biyu ne. Akwai ruwan gatari, wato ƙarfen da ke sara, akwai kuma ƙota, wato icen da ake riƙewa. Yawancin raunin da na gani a wurin aiki daga ƙota yake fitowa. Iskar hunturu da zafin bazara, wanda a nan Sakkwato kan wuce digiri 40 a watan Afrilu, suna busar da ice har ya tsuke, ramin da ƙarfe ya shiga ya yi sako-sako. Mutum ya ɗaga gatari da ƙarfinsa, sai ruwan ya fice ya nufi duk wanda ke tsaye a kusa.

Don haka kafin sara na farko, ku duba ƙota. Ga yadda ake yi. Ku tsuguna, ku riƙe ƙotar da hannu ɗaya, ku kama bayan ƙarfen da ɗaya hannun, ba bakinsa mai kaifi ba, sannan ku girgiza. Idan ƙarfen ya motsa, ko da kaɗan ne, gatarin bai isa aiki ba. Bayan haka ku bi ƙotar da ido daga sama har ƙasa kuna neman tsaga ko ramin gara. Idan kun ga tsaga, ku mayar da shi sito a sake ƙota. Ɗaure tsaga da roba ko waya ba gyara ba ne.

Mu maimaita: a tsuguna, a kama bayan ƙarfe, a girgiza, a duba tsaga. Ku karanta wannan layi da ƙarfi sau uku, sannan ku kwafe shi a littafinku. Madalla da wanda ya kwafe shi daidai, wanda ya tsallake kalma kuma ya sake, babu abin kunya a ciki.

Akwai masu jiƙa gatari cikin ruwa ya kwana don icen ya kumbura ya kama ƙarfe. Dabarar takan fitar da mutum aikin safiya ɗaya, amma da rana ta buɗe icen zai bushe, ƙarfen ya koma motsi fiye da da. Wanda ya jiƙa gatarinsa dole ya sake duba ƙota bayan azahar. Wanda ya ari gatarin wani shi ma ya duba, ko da mai shi ya rantse cewa jiya ya gyara. Diga da fartanya ma haka ake yi musu.

A nan dole in yi magana da babbar murya, ku yi mini haƙuri. Duk ajin da na koyar, sai na ga dattijo ya gyaɗa kai a cikin aji, gobe kuma a fili ya sunkuci gatari ya hau sara bai girgiza ba, wai shi ya saba. Sabo ba ya hana ƙarfe ficewa, kuma yaron da ke tara rassa a bayanka bai san ka saba ba. Dubawar nan ba ta kai minti ɗaya ba. Ku girgiza, ku duba tsaga, sannan ku sara.

Darasi na 3: Washi

Gatari ko adda marar kaifi yana zamewa a jikin ice ya dawo wa ƙafa, kuma yana gajiyar da mai aiki a banza. Ku jiƙa dutsen washi da ruwa, ku kwantar da bakin ƙarfen a kansa, ku riƙa gogawa gefe da gefe daidai wa daida, yatsunku suna bayan kaifin. Haƙoran zarto da magagari ake wasa su, ɗaya bayan ɗaya. Kafin ku fara washi, kun duba ƙota?

Darasi na 4: Kayan awo da haƙa

Ana ja igiya tsakanin turaku biyu don layin dashe ya miƙe. Tef ɗin awo daga 0 ake fara karanta shi, ba daga 1 ba, kuma santimita 100 ne mita ɗaya. Malamin daji zai faɗi tazarar da za a bari tsakanin rami da rami, ku rubuta lambar kada ku dogara da ka. Dagi ya isa ƙasa mai rairayi, faƙo kuwa sai diga. Ramin darbejiya ko bagaruwa kan kai kimanin santimita 30 a zurfi da faɗi, wato tsawon rular 'yan makaranta. Ku tsaga ledar da dashen ke ciki da reza, ku cire ta kafin ku sa shi a rami.

Darasi na 5: Zarto mai inji

Wanda ba a koya wa ba kada ya taɓa shi. Fetur ɗinsa ana gauraya shi da man inji, a yawancin irin na yanzu mililita 100 na mai a lita 5 ta fetur, amma a bi abin da takardar injin ta ce. Ba a yanka da ƙarshen bakinsa, domin yana tsalle ya dawo fuska. Idan za a kayar da itace, kowa ya ja baya ninki biyu na tsawonsa, kuma ba a sara a gandun daji sai da izinin malamin daji.

Darasi na 6: Ajiya

A goge ƙasa daga jikin kaya, a shafa wa ƙarfe ɗan mai, a ajiye a inuwa inda gara ba za ta kai ba. A ƙirga kayan, a gwada da lambar da aka rubuta da safe, sannan a sa hannu a littafin sito.